Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Tsangayoyin Likitancin Dabbobi: A Fito Da Yaran Nan Su Taɓa Dabba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamaina da abokan karatuna da Allah ya ɗora wa ragamar tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'inmu na Arewa. Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai. Wasunku sun koyar da ni, wasunku mun zauna benci ɗaya, wasu kuma ƙannena ne da suka riga ni isa. Ni ban tsaya a jami'a ba. Tun da na karɓi takardata na faɗa aikin karkara, yau shekara 20 da 'yan kai ina yawo tsakanin kara da ruga da barga. Saboda haka maganar da na zo da ita daga cikin kashin shanu na tsinto ta, ku yi haƙuri da warinta.

Abin da ya tayar da ita a daminar bara ya faru. An turo mini wani ɗan bautar ƙasa, yaro natsattse mai ladabi, sakamakonsa kuwa ko rabinsa ban samu ba a zamanina. Ba zan faɗi jami'ar da ya fito ba, domin na karɓi irinsa daga wurare daban-daban, kuma labarin duk ɗaya ne. Kwanansa 9 da zuwa, bayan isha'i, wani Bafulatani ya zo a babur ya ce karsanarsa tun la'asar take naƙuda, ƙafafu biyu sun leƙo, sauran ya ƙi fitowa. A hanya na tambayi yaron abin da yake tsammani za mu tarar. Ya jero mini dalilan da ke hana saniya haihuwa, na uwa daban, na ɗa daban, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har na ji daɗi a raina. Da muka isa rugar aka haska mana fitilar waya, na miƙa masa doguwar safar hannu da sabulu da bokitin ruwa, na ce, “Bismillah, Dokta.” Sai ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi karsanar, sannan ya matso kusa don kada mai shanu ya ji, ya ce, “Yallaɓai, ban taɓa sa hannu ba.”

Shekara 6 ya yi yana karatun nan.

Na ce masa to yau za ka sa. Na tsaya a bayansa ina faɗa masa yana yi. Lalubi ƙafar, in gaɓa ta farko da ta biyu suna lanƙwashewa gefe ɗaya, ƙafar gaba ce. In sun saɓa, ta baya ce. Ya ce ta gaba ce. Ina kan? Ya laluba, ya laluba, ya ce babu kai. Na ce akwai, ya juya ne ya kwanta a haƙarƙarinsa. Jira ta gama yunƙuri, ka tura ɗan ciki kaɗan ka samu fili, ka bi wuya har ka kai baki, ka rufe haƙoransa da tafin hannunka don kada su yaga mahaifa, sannan ka juyo da kan a hankali. Sau uku karsanar tana matse masa hannu har yana cije leɓe. A na huɗu kan ya juyo. Muka ɗaura igiya, muka ja tare da yunƙurinta, maraƙi ya faɗo, ya yi shiru, aka goge masa hanci da ciyawa, sai ga atishawa. Uwargidan mai shanu ta kawo mana nono a ƙwarya, yaron nan ya kasa riƙe ludayi saboda rawar hannu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, “Wallahi a hoto ba haka yake ba.”

Ban ga laifinsa ba, kuma ban rubuto don in yi masa dariya ba. Ni ma da tabona. Shekarata ta farko a aiki aka kira ni wata barga, kwana 3 kafin babbar Sallah, wani akawal yana ciwon ciki. Yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, gumi ya jiƙe shi, yana neman kwanciya ya yi birgima. Na san doki ba ya amai, na san dole a zura tiyo ta hanci har ciki a rage masa abin da ya taru. Na san in bugun zuciyarsa ya tashi daga 40 ɗin da aka saba ya haura 60 a minti, magana ta girma. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma tiyon nan ban taɓa zura shi ba, sau ɗaya na ga an yi, daga bayan ƙeyar mutum 30. Na tura, jini ya ɓalle daga hancin dokin, mai barga ya yi salati, ni kuma na matsa baya daidai inda bai kamata mutum ya tsaya ba. Harbin da na sha a cinya har yau yana gaishe ni in hunturu ya shigo. Wani tsohon mai kula da dawakin, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, shi ya ɗaga ni, ya ce, “Yaro, doki in ka matso jikinsa tura ka zai yi, in ka yi nisa ba zai kai gare ka ba. Tsakiyar nan ce kabari.” Ya kama leɓen dokin na sama ya murɗa da 'yar igiya, dokin ya yi lamo, ya ce in sake gwadawa. Na bi ta ƙasan hanci, na jira ya haɗiya, na ga tiyon yana gangarawa ta hagun wuya. Dokin ya tashi, amma bai hau Sallah ba, ni kuma wata guda ina ɗingishi.

Shekara 20 ke nan tsakanina da yaron can, kuma ramin da na faɗa shi ya faɗa. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranku ya daɗe, na san halin da kuke ciki, ban zo daga wata duniya ba. Na san ajin da a da yake ɗaukar mutum 30 yanzu ya ninka. Na san ciyar da doki ɗaya na koyarwa, harawa da dusa da gero da kanwa, ya fi ƙarfin abin da ake sakar wa sashe. Na san motar da ake fita da ɗalibai ƙauye, inda take da rai, kuɗin mai ne ke ɗaure ta. Na san akwai dazuzzukan da a yau ba mai hankalin da zai tura 'ya'yan mutane cikinsu, kuma ni ma akwai rugagen da na daina zuwa. Na kuma san akwai malamai a cikinku da ke cire kuɗin aljihunsu su sayi safar hannu da allura don kada furaktikal ya mutu. Allah ya saka musu. Sai dai duk da haka, abin da ke faruwa shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mu ne fa masu shanun ƙasar nan. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Wadara a ƙofar gidanmu suke kiwo. Ranar Alhamis a Maigatari, ranar Juma'a a Wudil, dabbar da ke shiga kara a yini ɗaya ta fi wadda ɗalibi zai gani a asibitin koyarwa tun daga shigarsa har fitarsa. Ga Potiskum, ga Mubi, ga Illela, ga Mai'aduwa. Ga raƙuma da jakuna suna ƙetarowa daga Nijar. Ɗalibin da ke karatu a ƙasar da ba ta da wannan arziki yana da uzuri. Namu wane uzuri zai kawo, in ba cewa ba a kai shi ba?

Ga kuma dawaki. Babu masarautar da ba ta da barga, babu hakimin da ba ya ɗaure ko da biyu ne, ban da masu sukuwa, ban da 'yan folo na Kaduna da Kano da Katsina, ban da dawakin 'yan sanda. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tinƙaho da su, muka yi ta murna. To su dawakin da ke ɗauke da wannan al'ada, wa ke duba su? A mafi yawan bargogin da nake shiga, kafin a kira ni an riga an yi abin da aka iya: an ɗura wa doki mai da jiƙo ta hanci, wani lokaci ya wuce huhu, an sayo allura a kemis an caka inda aka ga dama. In Sallah ta matso kuma a dinga tura masa hatsi don ya yi ƙiba ya cika sirdi, sai a wayi gari kofato ya yi zafi, doki ya tsaya yana jingina da ƙafafun baya kamar mai taka garwashi. Ba ƙeta ce ke sa su haka ba. Sun gwada kiran likita, likita ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa yana rubuta magani, bai ɗaga kofato ba, bai buɗe baki ya duba haƙori ba. Mai doki kuwa yana gane wanda ke tsoron dokinsa tun daga yadda ya shigo. Shi ma dokin yana ganewa.

Kuma kuskure a babbar dabba ba ya jira. Maganin kwantar da dabba da muke kira zailazin, abin da saniya ke buƙata kusan kashi ɗaya ne cikin goma na abin da ake ba doki. Wanda ya juya lissafin ya kashe wa mutum sa. Maganin sammore da shanu ke ɗauka lafiya lau, raƙumi yana iya mutuwa da shi. Allurar wuyan doki in ta zarce jijiyar da ake nufi ta faɗa ta ƙarƙashinta mai kai jini ƙwaƙwalwa, kafin ka zare sirinji ya kifa. Ɗalibi yana iya haddace duk wannan, kuma suna haddacewa. Amma yatsa ne ke sanin bambancin jijiya da jijiya, kunne ne ke sanin ƙugin tumbi mai lafiya da na wanda leda ta cika, hanci ne ke sanin mabiyiyar da ta kwana uku ba ta faɗo ba. Waɗannan ba sa shiga handawut.

Mu tuna yadda aikin nan ya kafu a ƙasar nan. Cutar bushiya ce ta kafa shi, wadda ta share garken kakanninmu a ƙarshen ƙarni na 19, har Fulani da yawa suka wayi gari ba ko wutsiya. Saboda ita aka zauna a Vom, kusa da Jos, a 1924 ana haɗa rigakafi. Waɗanda suka kai allurar daji kuwa malaman dabbobi ne masu ƙaramin karatu, suna kwana a mashekari, suna kayar da bijimi da igiya ɗaya. Gangamin da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi da irin hannayensu aka yi shi, da cutar ta dawo mana a 1983 su aka sake nema, har Allah ya sa a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Na yi aiki da ragowarsu kafin su yi ritaya. Ba su san sunan Latin na ko ƙwaya ɗaya ba, amma mutum ɗaya daga cikinsu zai dubi garke daga nesa ya ce a ware waccan, ciwon huhu ne, saboda yadda ta miƙa wuya ta buɗa gwiwoyin gaba. Mu aka ba digiri, su aka ba ido. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa wa yaranmu biyun.

Roƙona na farko ba ya cin kuɗi sosai. Tun ɗalibi yana aji biyu, kafin a fara yi masa maganar cuta, a tura shi barga ko garke ya yi wata guda cur yana aikin yaron gida. Ya share turke, ya yi wa doki wanka, ya sa ragama, ya ɗaura dabaibayi, ya ɗaga ƙafa huɗu ya kankare kofato, ya tashi da asuba ya yi tatsa. Wanda bai san dabba da lafiyarta ba, ba zai gane ta da ciwo ba. A Ingila shekara da shekaru ƙa'idarsu ita ce ɗalibi ya yi mako 38 a wajen makaranta, 12 a gonaki da bargogi yana koyon kiwo, 26 tare da likitoci a bakin aiki, kuma ko da suka rage adadin a baya-bayan nan ba su taɓa tushen ba. Su da ba su da Maigatari ke nan. Kuma don Allah a ɗauki masu kula da dawaki da makiyaya a matsayin malamai na gaskiya, a san da su, a ba su ɗan abin goro. Tsohon da ya ɗaga ni daga ƙasa ya koya mini abin da ya tsare rayuwata shekara 20, kuma ko takardar godiya babu wanda ya taɓa ba shi.

Sai littafin shaidar aiki. Na san akwai shi, na kuma san yadda ake cika shi: daren da za a miƙa, a ɗakin kwanan ɗalibai, biro biyu launi daban-daban. Yaran da kansu suke ba ni labari suna dariya. A mayar da shi abin tsoro. A rubuta ƙarara abin da dole kowa ya yi da hannunsa kafin ya fita: saniya nawa ya duba wa ciki ta dubura, doki nawa ya zura wa tiyo, jijiya nawa ya samu, haihuwa nawa ya karɓa, kumburin ciki nawa ya sace, sa nawa ya kayar. Ku kuka san adadin da ya dace, ba ni ba. Wanda ya gani da idonsa shi zai sa hannu, da lambar rajistarsa, ya san in ƙarya ce sunansa ne a ciki. “Na kalla” kuma kada ta zauna a gurbin “na yi”.

Kwata ma makaranta ce da muke wucewa muna toshe hanci. Kullum da asuba ana yanka shanu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya ga 'yan tayin da ake fitarwa daga cikin waɗanda aka yanka da ciki ba a sani ba. A yi magana da sarkin fawa, a sa ɗalibai biyar-biyar suna kwana kusa, su duba kowace saniya kafin wuƙa. Ɗalibi ya ce tana da ciki wata uku, ko ba ta da shi. Wadda aka yanka, bayan rabin awa ga mahaifar a gabansa, ya ga ko ya faɗi daidai. Babu malamin da ya kai wannan saurin gyara. In kuma an gano mai ciki aka fasa yanka ta, mahauci ya tsira daga asara, ƙasa ta tsira da maraƙi, yaro ya samu hannu. A nan kuma zai ga hantar da tsutsa ta cinye, da huhun da ya manne da haƙarƙari, da tarin leda da igiya da ake zarowa daga tumbi har a cika baho.

Masu barga za su yi gardama, na sani. Mutumin da ya zuba miliyoyi a ingarma ba zai so ɗan koyo ya fara da nasa ba, kuma yana da gaskiya. Amma in tsangaya ta je fada da girmamawa ta ce za mu riƙa zuwa duk wata da malami da ɗalibai shida, mu ba da maganin tsutsa, mu goge haƙori, mu duba kofato, mu rubuta tarihin kowane doki, kuma ba fafe gora ranar tafiya ba, tun watanni kafin Sallah, ban ga Shamakin da zai rufe ƙofa ba. Annobar murar dawaki da jakuna da ta ratsa Sakkwato da Nijar a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta nuna mana cewa bargar da ba likita ke shiga ba, labarinta sai ya makara yake isowa.

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ita ce ta 'yan mata. Sun yi yawa a ajujuwanku yanzu, alhamdu lillahi, amma da an zo kan bijimi sai a ce su matsa baya su riƙe littafi. A cikin duk waɗanda suka zauna da ni, wadda ta fi kowa iya gyara kwanciyar ɗan tayi yarinya ce siririya, hannunta yana shiga inda nawa ba ya shiga. Kuma a ruga matan gida, waɗanda su ke tatsa su ke sanin saniyar da nononta ya canja, sun fi sakin baki da ita fiye da ni. Aikin babbar dabba dabara ce da igiya da sanin inda za a tsaya. Da ƙarfi ne, da babu ɗayanmu da ya isa ya tari sa mai kilo 400.

In za a fitar da su kuma a fitar da su da kariya. Takalmin roba, doguwar safar hannu wadda ba a wankewa a maimaita, rigakafin cizon mahaukacin kare tun kafin su fara. Bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana kama mutum, na san abokan aiki da suka yi shekaru suna fama da zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi saboda ɓarin saniya da suka cire da hannu tsirara. Cutar saifa, wato anthrax, da ta ɓulla a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023 ta isa tunatarwa: yaron da ya saba da fili ya san mushen da jini baƙi ke fita ta hanci da dubura bai daskare ba, ba a farke shi. Wanda bai saba ba, wuƙa zai fara nema don ya burge mai dabba.

Ga Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, wadda ke tantance ku kuma take yi mana rajista, ina roƙon ku isar mata da wannan: in ta zo duba tsangaya, bayan an zagaya gine-gine an ƙirga na'urori, a zaɓi ɗalibin ajin ƙarshe ɗaya da ka, a miƙa masa ragama a nuna masa doki. Minti 10 sun isa. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024 kuma, in tana neman inda za ta sa kuɗi ya yi tsiro, mota ɗaya mai lafiya da man shekara ga kowace tsangaya ba za su gagare ta ba.

Mu ma da ke waje ba mu wanke kanmu ba. Da yawanmu in aka turo mana ɗalibi sai mu mayar da shi mai tsaron shagon magani, muna tsoron ya koya ya ƙwace mana kasuwa. Shi ya sa suke gamawa su tafi kaji da karnuka da sayar da magani, inda ba harbi ba tunkuri, su bar makiyayi da ɗan tireda mai sayar masa da allurar da rana ta gama dafawa. Ku rubuta sunayenmu, ku tantance waɗanda suka cancanta, ku ɗora mana nauyi a rubuce.

Ni dai ga nawa. Ina iya ɗaukar ɗalibai huɗu a lokaci guda, maza biyu mata biyu. Akwai ɗaki a asibitina, matan kuma za su zauna wajen iyalina. Lokacin da ya fi albarka shi ne daga faɗuwar ruwan farko zuwa tsakiyar damina, sannan makonni uku kafin kowace Sallah. Su zo da takalmin roba da tocila da tufafin da ba sa tausayi. Ɗan bautar ƙasan nan ya gama a watan jiya, kafin ya tafi ya karɓi haihuwa 11 shi kaɗai, kuma mai karsanar nan yanzu in ya kira wayata, shi yake tambaya.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Wassalam.

Ɗalibinku kuma abokin aikinku,
wani likitan dabbobi daga karkara.